Awon Tsakar Gida

"Ni ba baffanka ba ne. Tambayarka na yi, wa ya ce ka auna mini gida?"

Alhaji Abdulbaqi ne a tsaye a tsakar gida, ya taho daga kasuwa ko hularsa bai daidaita ba, takalminsa ya nutse a taɓo bai ma sani ba. A gabansa Hashim ne a tsugune, tef ɗin awo a hannu, fensir maƙale a kunne, ga ɗan littafi a kan gwiwarsa.

"Ruwa nake bi, Baffa. Bakin kwatar ya fi tsakar gidan tudu da kusan taƙi guda. In an yi ruwan sama ba ya fita, komawa yake yi gindin ɗakin Habboba. Bangon yana sha."

"Shekarata hamsin da takwas a gidan nan, ruwa bai taɓa kawo mini ƙara ba, sai da ka zo."

Mero, matar Alhajin, tana bakin madafi tana tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya. Ita ce ta buga masa waya ta ce ya bar abin da yake yi ya zo, ga baƙonsa ya fara yanka gida.

"Har rubutawa yake yi, Alhaji," ta ce ba ta ɗago ba. "Daga rijiya ya ja abin nan har shagunan waje."

"Har bakin kwata, Inna Mero."

"To kwatar a ina take? Ba a gindin shagunan ba?"

Gwaggo Zinariya, wadda Hashim yake kira Habboba, wato kaka a bakin mutanen Sudan, tana bayan labulen ɗakinta da ido ɗaya a waje. Shekararta tamanin ba ɗaya, kuma a Zaitawa duka babu rigimar da ta taɓa wuce ta ba ta leƙa ba. Wannan kam ba ta yi mata daɗin kallo ba. Tun da ta ga yaron nan ya zaro tef da hantsi gabanta ya faɗi, amma ta ce bari ta ga iya gudun abin. Shi a can inda ya fito, injiniya in ya ga ruwa ya kwanta sai ya auna ƙasa. A cikin birni kuwa ba a jan tef a tsakar gidan mutane sai in mai gida ya mutu alƙali ya turo masu rabon gado, ko kuma dillali ya kawo mai saye. Hashim ya yi karatun gada da kwalbati shekara biyar, babu wanda ya koya masa wannan.

Sai da ya dubi fuskar Alhaji, ya dubi ta Mero, sannan ya gane. Ya miƙe a hankali.

"Wallahi ba gado ya kawo ni ba. Takardar nan ta Mai Unguwa kawai nake nema, wadda ka ce za mu je ranar Alhamis. In don gida ne, a kawo takarda yanzu in sa hannu na yafe."

"Ka yafe?" Alhaji ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ana yafe abin da ba a da shi ne? Ranar da ka rubuta ka yafe, ranar ka rubuta kana da shi. Tsaya ma tukuna. Ku nawa ne a can?"

Da Hashim ɗan birni ne, da ya ce ai duk yaƙi ya watsa su, bai san inda kowa yake ba. Amma sai fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda aka tambaya labarin alheri.

"Jikokin Gali? Mu ashirin da uku ne, ban da 'ya'yanmu."

Mero ta ajiye faranti.

"Ashirin da uku," Alhaji ya maimaita a hankali. Ya zare ƙafarsa daga taɓon, ya kakkaɓe riga. "Ranar Alhamis ina da tafiya."

*

Gali yayan Gwaggo ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana 'yar shekara shida ya ɗaure ƙunshinsa ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Ta tuna a wuyansa ya ɗora ta har Ƙofar Mata, ta riƙe kunnuwansa kamar linzami, a nan ya sauke ta ya ce ta bi Yaya Jafaru su koma gida. Shekara huɗu shiru. Sai wani mahajjaci ya dawo ya ce ya ji an ce annoba ta cinye ayarin a ƙasar Wadai. Aka zauna makoki, aka yi addu'a, aka rufe zancen. Da mahaifinsu ya rasu, aka raba gida tsakanin Jafaru, uban Abdulbaqi, da ita. Nata kason da baki ta bar wa yayanta lokacin da za ta tare, don wace amarya ce take tunanin za ta dawo gidan ubanta da furfura? Ta dawo kuwa. Miji ya mutu, ba ɗa ba jika, Abdulbaqi ya ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. Shekara biyu da rabon gida ta zo ganin gida, ta tarar da Jafaru shi kaɗai a bakin murhu yana karanta wata wasiƙa ta ajami da wani matafiyi ya kawo. Ita kuwa ta yi allo, kuma tun tana yarinya ba ta iya ganin takarda a hannun mutum ba ta leƙa ba. Ta gani da idonta: yana nan da rai a Sudan, guzuri ne ya ƙare, ya yi aure, a gaida Zinariya. Jafaru ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin tukunya.

"Mun riga mun yi masa addu'a," ya ce. "Ba ki ga komai ba."

Matar da ba ta iya riƙe zancen cikin maƙwabciya kwana biyu, ta riƙe wannan shekara sittin.

Wata huɗu da suka wuce sai ga sallama a zaure. Dogon mutum, ya rame har wuyan rigarsa yana lilo, da jakar leda ɗaure a cikinsa. Ya ce daga Khartum yake, yaƙi ne ya koro su, ya bar mahaifinsa, da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, a sansanin gudun hijira a Chadi. Ya ce kakansa ya sha gaya musu gidansu na Kano, rijiya a hagu in ka shiga, da dutsen niƙa mai tsaga a gindinta. Gwaggo ba ta jira ƙarshen bayani ba. Kunnuwan ta kalla, faka-faka kamar marfin tukunya irin na Gali, ta koma ɗaki ta yi kukanta. Hausarsa ma irin ta da ce, wadda aka daina yi tun ana cin kasuwa da anini.

Alhaji ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi ɗakin zaure, ya kuma tabbatar duk sahun farko na masallaci sun ji labarin yana riƙe da ɗan gudun hijira. Abin da ke cikin jakar ledar takardu ne. Shekara goma sha biyu Hashim ya yi yana gina gadoji da magudanan ruwa. A Zaitawa kuwa gyaran injin jan ruwa ya samu, matan unguwa suna aikawa a kira musu Mai Famfo, in ya gama a zuba masa tuwo a kwano.

*

Washegarin rigimar, Laraba, Injiniya Kausar ta zo. 'Yar Dala ce, ita da wasu abokan aikinta suka haɗa ɗan kwamiti suna taimaka wa waɗanda suka yi karatu a waje rikici ya watso su nan. Ta tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin Gwaggo, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke ce injiniyar? Da waɗannan yatsun kamar na mai ƙunshi?" Gwaggo ta ƙare mata kallo. "An dai yi aure ko ana nan ana hawan gini?"

"'Ya'yana uku, Gwaggo."

"To madalla, mijin yana da haƙuri. Zauna, kar ki jingina da bangon nan, sanyi gare shi."

Kausar ta buɗe fayil a cinyarta. Ta ce wata uku suna kan maganar Hashim. Takardunsa da Larabci suke, sun kai an fassara. An ce sai jami'arsa ta tabbatar, jami'ar kuwa a rufe take, wayarta ko ƙara ba ta yi, sai da suka lalubo wani tsohon malaminsa a Alƙahira ya rubuto shaida. Ya zauna jarrabawa ya ci. Wani kamfani mai aikin kwalbatoci a bayan gari ya kira shi intabiyu.

"Gwaggo, mutum uku ne suke masa tambaya, kafin a tashi su ne suke rubuta abin da yake faɗa. Damina duk shekara tana cinye mana tituna, ga wanda ya san aikin yana gyaran famfo."

"To su ɗauke shi mana."

"Saura takarda ɗaya, ta asali. Mai Unguwa ya shaida ɗan gidan nan ne, ta hau sama a sa mata hatimi. In babu ita baƙo ne, sai an nema masa izinin aiki, kamfanin kuwa sun ce ba za su bi wannan layin ba. Sun ba mu zuwa Litinin. Akwai wani a bayansa yana jira."

"Alhaji ya ce yana da tafiya."

"Na ji. Shi ya sa na biya wajen Mai Unguwa. Ya ce ai akwai wadda ta girmi Alhaji a gidan, wadda ta san Gali ido da ido. In kin faɗa, ya rubuta. Da kansa zai zo gobe bayan la'asar, ba sai kin taka ba."

Gwaggo ta ji wani abu ya taso mata, irin daɗin da takan ji in labari ya cika mata baki kuma ga mai saurare. Ta leƙa tsakar gida, Mero ta shiga wanka. Ta jawo Kausar kusa, ta rage murya, ta zazzage mata zancen wasiƙar kaf, har da launin tukunyar.

Idon Kausar ya kawo ruwa. "Za ki faɗi haka gobe?"

"Ni? Yarinya, ba ki san ni ba. Ai sai an toshe mini baki."

Da yamma ta hango Hashim a ƙofar zaure yana waya, ya juya baya, yana Larabci da sauri yana dariya. Ta tsinci kalmar Litinin, ta tsinci sunan ƙaramar 'yarsa. Daga baya ya leƙo ya ce mata ya gaya wa mahaifinsa ya fara haɗa kaya, albashin farko na kuɗin motar kawo su ne.

*

Ranar Alhamis da safe, mai tafiya bai yi tafiya ba. Da kansa ya shigo mata da koko da ƙosai, abin da rabonsa da yi tun tana jinyar ƙafa. Ya zauna a bakin tabarma, ya tambayi gwiwa, ya tambayi barci. Gidan ƙasa ba ya riƙe zance, ta san Mero ba ta daɗe a wankan nan ba.

"Gwaggo, ni ba mugu ba ne," ya ce. "Yaron nan wata huɗu yana cin tuwona. Ko shekara goma zai yi, ya ci. Amma ki duba. Shagunan nan uku su suke ciyar da mutum goma sha shida a gidan nan, har da ke."

Ta tsoma ƙosai a koko, ba ta kai baki ba.

"Shi na yarda ba ya so. Sauran ashirin da biyun fa? Mutanen da suke kwana a tanti, aka ce musu suna da gida a cikin birnin Kano, da hatimin hukuma? Ko ni ne sai na zo. Kuma kin san gidan nan ba ya yankuwa haka. Alƙali cewa zai yi a sayar a raba. Ɗan kasuwa ya saya, ya rushe, ya yi sito."

"Jinin Gali ne, Abdulbaqi. Ka kalli kunnensa."

"Na kalla." Ya gyara zama. "Ni ina da fili a bayan gari, ko rumfa na kafa na zauna da iyalina. Ke naki kason kin bayar da bakinki tun ban zo duniya ba. Ɗakin nan da kike ciki kuwa, kin fi ni sanin na waye asali. Ba ni zan fitar da ke ba, Gwaggo. Wallahi ba ni ba ne."

Ya miƙe, ya gyara mata labule.

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki faɗi abin da kowa ya sani."

Bayan fitarsa ta daɗe tana kallon ɗakin. Gadon ƙarfe, jeren kwalla shida da suka rage mata, buzun salla, ƙusar da take rataye carbi. Ta lissafa gidajen da za ta iya zuwa ta ce ta zo zama. Duk masu gidajen suna maƙabarta. Kokon ya yi sanyi, ya kama fata a sama.

*

Bayan la'asar aka shimfiɗa darduma a zaure. Ana yayyafi. Mai Unguwa ya zauna da takarda a kan gwiwa da biro a buɗe, Alhaji a damansa yana jan carbi. Kausar tana gefe da fayil ɗinta. Hashim ya yi aski, ya sa farar rigarsa guda ɗaya da ya kai aka goge. Da Gwaggo ta fito, shi ya tashi ya riƙe mata hannu har ta zauna, ya gyara mata sandarta a jikin bango.

Aka gaisa, aka tambayi damina. Mai Unguwa ya gyara murya.

"Hajiya, magana ce gajeriya. Kin san wani Gali a gidan nan?"

"Yayana ne, ranka ya daɗe. Shi nake bi. A ɗakin da nake kwana aka yanke masa cibi."

Ya rubuta. Hashim ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Ya tafi Makka a ƙasa, haka ne?"

"Ni na raka shi har Ƙofar Mata."

"To bayan nan fa? Kin san ya rayu, har ya bar baya? Wannan bawan Allah, za ki shaida jikansa ne?"

Maganar tana nan a kan harshenta, a shirye, yadda ta jera wa Kausar ita jiya. Murhun, tukunyar, a gaida Zinariya. Ta dubi Hashim. Ta dubi Alhaji, shi kuwa carbinsa yake kallo. Ta ƙofar cikin gida tana hango labulen ɗakinta, iska tana ɗaga shi, ƙafar gadon ƙarfen ta bayyana ta ɓuya.

"An yi masa sadakar uku," ta ce. "An yi ta bakwai, an yi ta arba'in. A zauren nan aka yi. Ni da kaina na ci gumbar."

Biron ya tsaya.

"Iyakar saninki ke nan, Hajiya?"

"Na tsufa, ranka ya daɗe."

"Gwaggo," Kausar ta matso, "jiya kin gaya mini zancen wasiƙa. Kin ce kin karanta da idonki."

"Jiya hira muke yi, 'yar nan."

Mai Unguwa ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Dattijo ne, ya ga irin wannan zama ba sau ɗaya ba. Ya rufe biro, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Malam Hashim, ka yi haƙuri. Ba na rubuta abin da masu gida ba su faɗa ba."

"Ɗakinka yana nan," Alhaji ya ce da sauri. "Babu wanda ya kore ka. Aikin famfon ma ai ana samu, zan yi wa mutanen kasuwa magana."

Hashim bai dube shi ba. Ya tashi ya shiga ɗakin zauren, suna jin motsinsa, bai daɗe ba don babu abin daɗewa. Ya fito da jakar ledar a hammata. Kausar ta fara cewa akwai wata hanya, za su rubuta wa kamfanin, za su nemi a ƙara kwana. Ya ce mata ya gode, Allah ya saka, a ba wanda ke bayansa aikin.

Sannan ya zo gaban Gwaggo ya durƙusa, kamar yadda yake yi kowace safiya. Ta kasa ɗaga ido sama da maɓallin rigarsa.

"Habboba," ya ce a hankali, "gumbar ta yi daɗi?"

Ta buɗe baki. Abin haushin, ta tuna. Da zuma aka dama ta, ta cinye tata ta koma layi aka sake ba ta, har ta ƙulle wata a bakin zane don gobe.

Bai jira amsa ba. Ya miƙe, ya tsallake takalman da ke bakin zaure, ya fita cikin yayyafin, ya jawo ƙyauren ƙarfen da ƙarfinsa duka ya buga.